Sandar Kawu Ilu da Babban Yatsana

An mayar wa Kawu Ilu sandarsa, jama'a! A gaban kowa, ranar su, wato ranar kamun kifin gayya, Sarkin Ruwa ya miƙa masa ita da hannu biyu. Ni kuma da na haɗa duk cakwakiyar, ni aka ɗora a kwale-kwalen Sarkin aka ce in yi ta ɗaukar hoto har caji ya ƙare. Na fara da ƙarshen ne don na san halinku, ƙannena, layi uku kuke karantawa ku wuce. Wanda ya tsaya, ga yadda aka yi. Na san ban kai shekarun mai rubuta tarihin rayuwa ba, ko gemun kirki ban tara ba, aji uku nake a jami'a a nan Dutse. Amma shekarar nan guda ta ishe ni babi, kuma akwai wata magana da ke yawo a kan Kawu, in ban gyara ta yanzu ba 'ya'yanmu za su taso su tarar da ita a zaune.

Abin ya faro daga Baba Yohana, maƙwabcinmu. Mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati, tun kafin a haife ni katangarmu ɗaya da su. Da Babbar Sallah namanmu ya shiga gidansu, da Kirsimeti shinkafarsu ta shigo namu. Bawan Allahn nan ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa, abu ɗaya ne a ransa: kamun kifi da fatsa. Yana da wata sandar zamani mai naɗe zare, goge ta yake kamar mota. Ranar da ya ji cewa yayan Ummanmu masunci ne a wani ƙauye a ƙasar Miga, ya hana kowa sakat sai da Umma ta ce in riƙa raka shi. Sunan ƙauyen kuwa ba za ku ji shi a bakina ba. Na yi hankali.

Haka muka mayar da Asabar ranar ruwa. Ina idar da sallar asuba zan ji tsohuwar motarsa tana tari a waje, in fito in tura ta, mu sayi ƙosai a hanya, mu wuce Jahun, mu gangara fadama. Can za mu tarar da Kawu Ilu a bakin kogi yana gyaran birgi, wato ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar faifai. Kawu gajere ne, maganarsa ba ta da yawa, amma in ya sako ɗaya sai ka riƙe ciki. Baba Yohana zai zauna awa uku da sandarsa ya kama ƙarfasa biyu 'yan mitsi-mitsi, Kawu ya wurga birgi sau ɗaya ya cika kwando. Wata rana Kawu ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya ce:

"Malam Yohana, wannan abar taka kifi take kamawa, ko haƙuri take koya wa mutum?"

"Malam Ilu, ni ba yunwa ce ta kawo ni ba. Hawan jini na zo saukewa."

"To Allah ya sa kifin ma ya sani."

Ni ba na fatsa, ba na birgi, zaman ya ishe ni, sai na zaro waya. Wayar ma fuskarta a tsage take, amma kyamararta ba dama. Da farko shirme nake ɗauka, ƙafata, kwandon Kawu, kan Baba Yohana yana gyangyaɗi. A hankali na fara gane harkar. Na gane hasken da ake nema shi ne na bayan fitowar rana kaɗan, kafin ta yi fari. Na gane in kana son ruwa ya yi faɗi a hoto sai ka kwanta rub-da-ciki a kwale-kwale, wayar ta kusa taɓa ruwan. Na koyi ɗaure ta a leda in huda wa kyamarar ido. Na koyi cewa zalɓe ba ya gudun mutum, motsi yake gudu, in ka ƙame kamar kututture zai tsaya maka a ƙafa ɗaya har ka gaji. Furen bado da safe yake buɗewa, rana na yi ya rufe, don haka wanda ya makara ganye kawai zai samu. Na ɗau shanun Fulani suna ƙetare kogi, ƙahonni kawai a sama, belbela na bin su. Na buɗe shafi na fara zubawa. Abin da ya fi yi min daɗi shi ne masu tambaya, wai don Allah a Jigawa ne nan? Su a tunaninsu mu yashi da duwatsu kawai gare mu. A makaranta aka sa min suna Ɗan Ruwa, ni kuwa kai ya fara girma.

To ku gane al'adar, don a nan maganar take. In damina ta yi ƙarfi kogi kan malala cikin fadama, in ya janye sai ya bar tafkuna cike da kifi. Akwai wani babba a bayan ƙauyen su Kawu, can cikin ciyawar kacalla, ba a hango shi daga hanya. Wannan Sarkin Ruwa yakan ɗaure shi, wato ya sa doka, ba mai jefa ko ƙugiya ɗaya sai bazara, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kifi kuma ya yi ƙiba. Ranar da aka kwance shi kowa ya shiga, har matan da mazansu suka rasu ana ware musu kasonsu. Mai tsaron tafkin ana ba shi wata sanda ta icen kanya mai ɗaurin jan ƙyalle. Ba albashi a ciki, amana ce kawai. Kakanmu ya riƙe ta, Kawu ya karɓa daga hannunsa.

Wata Asabar Kawu ya ce zai zaga tafkin, in muna so mu bi shi, amma Baba Yohana ya bar sandarsa a mota. A hanya ya juyo ya ce min ruwan da aka ɗaure ko da yatsa ba a nuna shi. Na ce to. Muna ratsa kacallar muka fito fili, sai ga tafkin a gabanmu. Rana ta fito jawur, ruwan kamar an narka tagulla an zuba. Tarwaɗa sun taso shan iska, baki da gashin baki ko'ina, tafkin yana ɓulɓula kamar talge a tukunya. Can gefe ga wata giginya karkatacciya ta sunkuyo kan ruwan, belbela sun jeru a kanta fari fat. Yatsana bai yi shawara da ni ba. Kawu ya gan ni ina dannawa bai hana ba, don shi a saninsa hoto a cikin waya yake zama, kamar wanda ake ratayewa a ɗaki.

Kafin mu kai Jahun, sabis na dawowa, na sake shi. Har da rubutu a ƙasa, wai kifi na neman mai ci a ƙasar Miga, samari kuna ina. Malam, hoton nan ya fashe. Waya ta dinga ƙara har a lakca sai da na kashe mata murya. Ana ta turawa gurup-gurup. Cikin masu sharhi wani ya rubuta cewa ai wannan giginyar ya san ta. Ni kuwa sakarai na tura masa fuskar dariya.

Juma'ar da ta biyo baya, maza duk sun tafi masallaci a babban gari, wasu suka zo a kan babura da taru, babbar ragar nan da ake ja daga gaɓa zuwa gaɓa. Wata mai tallan nono ce ta hango su daga nesa suna loda buhuna. Kafin a sauko daga masallaci sun yi gaba. Abin da aka tarar shi ne sawun taya, kacalla a tattake, da ƙananan kifi da suka watsar a gaɓa suna mutuwa. Nan take magana ta tashi a ƙauye: wa ya san hanyar tafkin in ba mai tsaronsa ba, kuma wa ke kawo baƙi daga Dutse duk Asabar? Aka ce Ilu ya sayar da tafki. Sarkin Ruwa ya aika aka karɓo sandar.

Mu mun ji ne da Kawu ya kira Umma. Ita kuwa kullum a sifika take amsa waya, don haka ina daga ɗaki na ji muryarsa a sanyaye yana cewa a gaya wa Malam Yohana ya yi haƙuri, kada su sake zuwa. Na duba wayata. A wani gurup har an sako hoton buhunan kifi, an rubuta Allah ya saka wa mai hoto da alheri. Na adana wannan saƙon da sharhin giginyar, ban ma san dalili ba, sannan na goge hotona daga shafi, na yi tsit. Dattawan ƙauye ba sa hawa shafi, ba wanda zai taɓa sani. Haka na gaya wa kaina kwana tara.

A rana ta tara na haɗu da Baba Yohana a ƙofar gida, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ya ce ran Asabar zai je gaban Sarkin Ruwa da Littafinsa ya rantse bai gaya wa kowa ba.

"Ni baƙo ne a garin nan, ɗana. In aka ce baƙo ya ci amana, ba ni kaɗai aka zaga ba."

Na shiga gida na tarar da Umma tana tsince shinkafa, na durƙusa na zayyane mata komai. Na ƙara da cewa ai na riga na goge. Ba ta ɗago ba, ba ta daina tsintar ba.

"Ka goge a waya. A bakin mutane fa, wa zai goge?"

Na ce ina tsoron Kawu ba zai sake kallona ba. Ta ce yayanta ya shekara yana kwana da sauro don amanar nan, ni kuwa kunyar yini ɗaya nake gudu. Ta ce ran Asabar in tura motar da kyau.

A gindin tsamiya muka samu Sarkin Ruwa, tsoho dogo, da dattawa a kewaye da shi, Kawu a can gefe kansa a ƙasa. Na cire takalmi na tsuguna na ce ranka ya daɗe, ni ne. Na faɗi yadda hoto ke tashi daga waya ɗaya ya shiga dubu, na faɗa musu abin da na rubuta a ƙasansa, na karanta musu na mai sanin giginya, da na masu godiya. Sarkin ya ce a ba shi ya gani. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya kawo ta kusa, na matsa na buɗa masa hoton da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan tafkin namu ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ashe haka muke da kyau ba mu sani ba." Ya miƙa wa na kusa da shi, wayar ta zaga dattawa ɗaya bayan ɗaya, har wani yana cewa ga belbelar nan kamar ka kirga. Sannan Sarkin ya dube ni. "To ɗan nan, ka buga wa ɓarayi ganga, sun kuwa yi rawa."

Hukuncin da ya yanke shi ne: Ilu bai sayar ba, amma shi ya buɗe ƙofa, don haka sanda za ta zauna a zauren Sarki sai ranar su, a ga yadda ya ɗauki abin. Ni kuma duk Asabar zan zo in yanki kacallar da ta toshe mashigar ruwan tafkin, da lauje, har ranar da za a kwance. Waya kuwa in na iso in ajiye ta a gidan Kawu, ba za ta sake ganin ruwa ba sai Sarki ya ce. Baba Yohana ya miƙe ya ce shi ma a ba shi lauje. Aka ba shi. Ya zo da takalmin roba har gwiwa, ruwa ya cika su, aka taru aka zaro shi daga taɓo kamar rogo. Daga ranar ya koma zama a gaɓa da fulas ɗin shayi yana ba mu umarni.

Kada wanda ya ce muku yankan kacalla wasa ne. Ruwa har ƙugu, ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna manne maka a ƙauri sai ka fito ka gan su sun yi ɓul-ɓul. Ranar Litinin a aji ko biro ba na iya riƙewa da kyau. Shafina ya mutu murus, masu bina suna ta tambaya ko Ɗan Ruwa ya nutse ne. Amma duk wannan bai dame ni kamar shirun Kawu ba. Ba wanda ya sa shi, amma kullum yana gefena da nasa laujen, kuma Asabar uku bai ce min uffan ba. In na gaishe shi ya ɗaga kai kawai.

A ta huɗu, muna cikin yanka da sassafe, sai ga gauraka biyu sun sauko a wani ɗan tudu, taku goma tsakaninmu. Tunda nake zuwa fadamar ban taɓa ganin su ba, Kawu ma daga baya ya ce ya yi shekaru rabonsa da su. Ga tukkun nan nasu kamar zinariya, rana ta bugo ta bayansu, inuwarsu kwance a ruwa. Suka buɗe fiffike suka fara tsalle suna zaga juna. Hoton da na fi so in ɗauka a duniya ke nan, kuma wayata tana can cikin kwanon sha a ɗakin matar Kawu. Ban san na ɗaga hannu ba, ban san babban yatsana yana ta danna iska ba, sai na ji murya a kunnena ƙasa-ƙasa:

"Danna mana. Ka rubuta musu a ƙasa, nama na neman mai ci."

Na juyo, Kawu ya cije leɓe, kafaɗunsa na rawa. Muka fashe da dariya tare, gaurakan suka tashi. Ba ni da hotonsu, kuma ba su sake dawowa ba. Amma a ranar Kawu da kansa ya zauna ya cire min matsattsaku da toka, yana ta yi min tsiya wai jinin 'yan boko ya fi zaƙi.

Ranar su ta zo a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Tun hantsi gaɓa ta cika, maza da koma, ragar nan ta hannu, a kafaɗa, wasu rungume da manyan gorunan da ake hawa a yi iyo, mata da kwanduna, masu ganga suna ta kiɗa. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, liman ya yi addu'a. Sai ya sa aka kawo sandar, ya kira Kawu da sunansa.

"Ilu, riƙe kayanka. Ba ka sayar ba, kuma kowa ya ji daga bakina."

Kawu ya karɓa ya ce ya gode, ranka ya daɗe, na kuwa ga yadda ya damƙe ta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ina can baya ina murna a ɓoye sai na ji Sarkin yana tambaya ina mai buga wa ɓarayi gangar nan. Aka turo ni gaba. Ya zaro wayata daga aljihun rigarsa, ashe tun safe ya aika aka karɓo. Ya ce in hau kwale-kwalensa in ɗauki mutane, in ɗauki kifi, in ɗauki sama in ina so, amma giginya ta zauna a bayana, kada ta fito a hoto. Kuma kafin duniya ta gani, shi zai fara gani.

Aka buga ganga, mutane suka afka ruwa gaba ɗaya, ƙarar kamar saukar ruwan sama a kwano. Na kwanta rub-da-ciki na yi ta dannawa. Na ɗau koma ɗari a sama lokaci guda, ruwa na zuba daga cikinsu kamar azurfa. Na ɗau wata tsohuwa tana rawa da tarwaɗa a kowane hannu. Baba Yohana ya jefar da sandar zamaninsa, ya ari koma, ya shiga da wandon ofis, ya kamo tarwaɗa kamar cinyata, ta make shi da wutsiya ya zauna daɓas a ruwa bai sake ta ba. Wannan hoton ma yana nan, kuma ya ce in na goge shi ba ni ba shi. Wanda ya fi duka shi ne na Kawu, ruwa har ƙirji, ya ɗago wani ƙaton kifi bargi sama da kansa, bakinsa a buɗe yana dariya, giɓinsa a waje. Na wanko shi babba a Dutse, yanzu haka yana rataye a zauren Sarkin Ruwa.

Ba zan ɓoye muku ba, kifin bana bai kai na sauran shekaru ba. Kason da aka ware wa matan da ba su da maza ya ragu, na tsaya na ga ana rabawa, kuma na san hannun wa ke ciki. Dattawa sun ce mashigar da muka buɗe za ta shigo da kifi da yawa in damina ta yi kyau. Allah ya sa. Ni dai na ce wa Kawu ko ba hukunci laujena yana nan.

Abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan shi ne, makon jiya Umma ta je sayen busasshen kifi, mai kifin ba ta san ko ita wace ce ba, take ce mata ai yanzu masu tsaron ruwa ma sayarwa suke, ba ga wani Ilu can ƙasar Miga ba. Umma ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce min maganar Sarkin Ruwa a gaɓa ta tsaya, tawa kuwa ta zaga duniya, don haka in san yadda zan yi.

To ga shi na yi. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, ku sa a gurup ɗin gida da na makaranta da na 'yan kasuwa, musamman mutanen Miga da Jahun da Ringim. Wanda ba ya karatu a karanta masa. Kawu Ilu bai sayar da tafki ba. Ku tura.